Finjali guda, jika biyu

Ranar da aka biya mu bursu, bayan wata uku muna zaman jira, na yi wani abu da ban gaya wa kowa a gida ba: na sayi kafe finjali guda a kan jika biyu. Duk ɗalibin da ke riƙe da wannan ɗan littafi ya san mi ake nufi da jika biyu. Fotokopi ne na shafi 80, in ana yi maka dala biyar-biyar. Kafe ashirin ne a teburin mai shayin bakin jami'a. Ni kuwa na zuba su duka a abin da bai kai rabin kofin roba ba, kuma ko sukari babu a ciki.

Wata ƙawata ce ta ba ni labarin wurin, ta ce sai na je na ga yadda ake auna kafe kamar mai auna zinariya. Na tashi daga Harobanda, na ƙetare gadar Kennedy, taksi ya aje ni can wajen Babbar Kasuwa, sauran na taka da ƙafa. Wanda ya san wannan gefe na Yamai da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ba sai na kwatanta mishi ba: ƴan kabu-kabu na kutsawa ta ko'ina, masu amalanke na cewa a ba su hanya, mai kilishi na kiranki hajiya, mai sayar da katin waya na kiranki madam, ƙura da hayaƙi sun gauraye. Tsakanin shagon mai gyaran salula da na mai sayar da yadi akwai wata ƴar ƙofar gilashi. Da na tura ta na shiga, sai hayaniyar ta yanke kamar an toshe mini kunne. Tebur shida ne kacal. Sanyin kilim, ƙanshi mai nauyi, da mutum huɗu ko biyar, kowa ya sunkuya a kan kwamfutarsa.

Saurayin da ke bayan kanta ya fara mini Faransanci, da na amsa da Hausa sai ya saki jiki, harshensa ya nuna ɗan Adar ne. A allo an rubuta sunaye da alli: Yirgacheffe, Sidama, Huye. Biyun farko a Habasha suke, na ukun a Ruwanda. Na ce ya zaɓa mini. Ya auna ƙwayoyi giram 15 a ƴar sikeli, ya niƙa, ya sa wata takarda mai kamar mazurari a bakin tulun gilashi, ya riƙa tsiyaya ruwan zafi a hankali yana duban agogo. Minti uku. Ya ce irin wannan kafe masu ɗanɗano ke ba shi maki, sai ya kai 80 cikin 100 kafin a sa shi a wannan sahu, kuma an san gundumar da aka nome shi, wani lokaci har tashar da aka wanke shi. Na kurɓa. Ga ɗaci kaɗan, ga tsami-tsami kamar na lemun tsami, ga wani ƙanshi kamar na fure. Sai na ce mishi, "To malam, yau dai na sha gahawa."

Ya girgiza kai yana murmushi. "A'a malama, wanga kafe ne. Gahawa ai ta Larabawa ce, wadda alhazai ka kawowa."

Wannan gyara da ya yi mini shi ya sa nake rubutun nan. Ta wani gefe ya yi kuskure, don itace ɗaya ne, ƙwaya ɗaya ce. Ta wani gefen kuwa ya fi ni gaskiya, kuma sai da na koma ɗaki na yi ta juya maganar kafin in gane.

Ni a bakin Kaka na fara jin kalmar gahawa, a Damagaram. Mijinta, kakana, yana cikin waɗanda suka tafi Makka a ƙasa: Barno, Fort-Lamy wadda yanzu ake ce wa Njamena, Abeshe, sannan Sudan. Kamar dubban Hausawa da Fulani da Barebari da suka bi wannan hanya, guzuri ya ƙare mishi a tsakiya, ya tsaya yana tsinkar auduga a gonakin Jazira da Ingilishi suka buɗe bayan gama madatsar Sennar a 1925. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo. Cikin abin da ya dawo da shi har da wata ƴar butar ƙasa mai dogon wuya da Sudanawa ke kira jabana, da ɗabi'ar soya ƙwayar gahawa a kasko, a daka ta da citta, a dafa, a sha da asuba. Ban riske shi ba. Butar dai tana nan cikin adakar Kaka, bakinta ya ɗan ɓantare.

Sai da na shiga sashen ilimin harsuna na gane cewa kalmar kanta tana ɗauke da tarihin hanyar da ta biyo. A Larabcin littafi qahwa ake cewa, da harafin ƙaf. To kalmomin da Hausa ta aro daga bakin malamai da littattafai, wannan harafi k ko ƙ yake komawa: alƙali, alƙalami, Alƙur'ani, alƙibla. Amma a nan g muka samu. Ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Larabawan ƙauye da na sahara, da na Sudan da Cadi da Libiya, su ne ke furta ƙaf kamar g. Irin wannan g ɗin ne a cikin bindiga. Wato gahawa ba ta zauren malam ta shigo mana ba, ta bakin fatake da alhazai ta shigo. Tun 1947 Joseph Greenberg ya nuna cewa aron Larabci a Hausa hawa-hawa ne, akwai na baka, akwai na karatu. Ba zan ɓoye ba, kanumfari yana ɓata mini lissafi: shi ma kayan fatauci ne, shi ma da ƙaf yake a Larabci, amma ga shi da k. Harshe ba ya bin layin da ɗalibi ya ja mishi.

Akwai kuma wasalin tsakiya. Me ya sa ga-ha-wa, ba gah-wa ba? Da farko na ɗauka aikin Hausa ne kawai, tunda bakinmu ba ya son rufe gaɓa da h. Sai na tarar a nazarin karin harshen Larabci akwai wata sananniyar ɗabi'a ta Larabawan ƙauye, ta cusa wasalin a bayan haruffan maƙogwaro, kuma masanin da ya raɗa mata suna, Haim Blanc, da wannan kalma ya kira ta: larurar gahawa. Ranar da na ci karo da wannan a laburare dariya na yi ni kaɗai har na kusa da ni ya ɗago kai. Kalmar da ke cikin adakar Kaka ita ce sunan wani babi a ilimin harshe. Ko dai mun karɓe ta da wasalinta, ko mun ƙara mata namu, sakamakon ɗaya ne. Abokin tafiyarta ma haka: littafi finjan yake cewa, mu kuwa finjali, da l ɗin da ake ji a bakin Larabawan sahara.

Itacen kansa daga tsaunukan kudu maso yammacin Habasha yake. Mutane na son su ce daga sunan yankin Kaffa kalmar ta fito, amma Habashawa buna suke ce mata, kuma qahwa tana cikin Larabci tun kafin a san wannan abin sha, a matsayin ɗaya daga cikin sunayen giya. Labarin makiyayin da awakinsa suka ci ƴaƴan itacen suka kama rawa, wanda aka zana a bangon shagon da na je, a wani littafi da aka buga a Roma a 1671 aka fara ganinsa. Abin da tarihi ya tabbatar bai kai wannan daɗin ji ba, amma ya fi kusa da mu: Sufayen Yaman ne a ƙarni na 15 suka riƙa shan ta don kada barci ya ɗauke su wajen zikirin dare. Daga zawiyoyinsu ta bi almajirai da alhazai zuwa Makka da Alƙahira.

A Makka aka fara shari'a da ita. A shekarar 1511, wato 917 bayan hijira, wani jami'in daular Mamluk mai suna Kha'ir Beg, wanda ke kula da kasuwa da tarbiyyar gari, ya ga wasu mutane sun taru da dare kusa da Harami da fitilu suna miƙa wa juna finjali. Ya tara malamai, aka kawo likitoci biyu suka ce tana cutar da jiki, aka haramta ta, aka ƙona wadda aka samu a kasuwa. Da aka aika Alƙahira neman tabbaci, amsar da ta dawo ta soki irin taron da ake yi, amma ba ta ba da ƙarfi ga haramta abin shan kansa ba. Ba a daɗe ba mutane suka koma ga finjalinsu. Wani malami, Abdulƙadir al-Jaziri, shi ya tattara labarin wannan rigima a littafin da ya rubuta don kare halaccinta cikin wannan ƙarni.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba ruwan da ke cikin finjali ne ya tsorata masu mulki ba. Zaman ne. Kafin gahawa, ina namiji zai zauna da dare da waɗanda ba danginsa ba, ba a masallaci ba, ba a gidan giya ba, ya kashe kuɗi kaɗan ya yi magana da yawa? A Istambul, wajen 1555, wasu mutum biyu daga Halab da Dimashƙa suka buɗe gidajen gahawa na farko, har aka riƙa yi musu laƙabi da makarantun masu sani. A 1633 Sarki Murad na Huɗu ya sa aka rufe su. A Landan an buɗe na farko a 1652, a ƙarshen 1675 Sarki Charles na Biyu ya ba da sanarwar rufe su duka don a nan ake yaɗa maganganu a kan gwamnati, kafin sati biyu su cika ya janye. Sarakuna uku, addini biyu, tsoro ɗaya.

Ta Istambul ɗin nan ne kalmar ta sake riga. Turkawa suka ce kahve, Italiyawa suka ce caffè, Faransawa café, mutanen Holan koffie, Ingilishi suka ɗauka daga nan. Shi ya sa ɗan Maraɗi ke cewa kafe, ɗan'uwansa na Katsina ke cewa kofi, har ya rikice mishi da kofin da ake zuba shi a ciki. Kalma ɗaya ce ta bar Yaman, ta iso mu sau uku: sau ɗaya ta gabas a bayan raƙumi, sau biyu ta teku bayan ta zaga Turai. Iyakar da aka ja tsakaninmu da Najeriya tana nan cikin wasali biyu.

Zagayen nan ta teku ba da hannu wofi aka yi shi ba. Da Turawa suka gaji da sayen ta a tashar Mokha ta Yaman, sai suka kai irin inda suke da ƙasa da bayi: mutanen Holan zuwa Jawa, Faransawa zuwa Martinik a shekarun 1720, daga nan zuwa Saint-Domingue, Hayiti ta yau. Kafin juyin bayi na 1791, wannan yanki guda yana fitar da kusan rabin kafen duniya. A takardun lissafin bayi na gonakin can, inda ake rubuta sunan bawa da shekarunsa da ƙabilarsa, akwai waɗanda aka rubuta wa Aoussa. Wato akwai masu jin wannan harshe da nake rubutu da shi a cikin waɗanda suka noma kafen da aka sha a Faris, tun kafin kalmar kafe ta taka ƙasar Hausa.

Wanda muke sha a bakin titi kuwa zancensa ya fi kusa. A farkon shekarun 1880 wani ɗan kasuwar Faransa, Arthur Verdier, ya buɗe gonar kafe a Elima, a Kodibuwa. Gonakin da suka biyo baya da aikin tilas aka noma su, yawanci da Mosawa da aka kwaso daga arewa, har zuwa dokar 11 ga Afrilu 1946 da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, wanda shi kansa manomin kafe da koko ne. Irin da ake nomawa can robusta ne, mai ɗaci da ƙarfi, ba arabika ta Habasha ba. A 1938 aka fito da Nescafé a Suwis, a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antarsa a Abijan. Daga nan sai gwangwani da ƴan ƙananan leda suka biyo hanyar da ƴan ci-raninmu ke bi, suka sauka a teburin mai shayi: cokali guda na gari, madarar gwangwani, sukari uku, a ɗaga kofi sama a tsiyaya har ya yi kumfa, ga burodi da mai. Wannan shi ne kafe a kunnen duk wanda na sani. Saboda haka ɗan Adar bai yi ƙarya ba. A bakin mutane gahawa da kafe abu biyu ne, kowane da tukunyarsa da lokacin shansa da irin mai shansa. Abin da ya ba ni dai bai yi kama da ko ɗaya ba, ya ɗauki sunan na biyu ne don shi ya fi kusa da Faransancin allo.

To me ya hana gahawa kama ƙasa a wurinmu, ga shi fataken Gadamus da Tarabulus sun zauna a Zangon Damagaram tun zamanin Sarki Tanimun? A ganina, ta tarar an riga an zauna a kujerarta. Goro yana da sinadarin da ke kore barci irin nata, ba ya neman wuta ko buta, yana shiga aljihu, kuma fataken Gwanja sun yi ƙarnuka suna ɗauko shi daga Salaga. Shi ake rabawa a ɗaurin aure da suna, shi ake ba baƙo. Har wasu matafiyan Turawa na ƙarni na 19 suka kira shi kafen Sudan. Sauran wurin da goro ya bari kuma shayi ya zo ya cika, koren ganyen Sin da ya ratso sahara ta hannun Larabawa da Buzaye.

Kuma gidan gahawa, wancan da ya hana Kha'ir Beg barci, muna da shi. Ba a cikin shagon gilashi yake ba. Yana bakin kowace kwana a Damagaram da Maraɗi da Yamai: benci ko tabarma, ɗan murhun waya, gawayi, buta, finjali biyu na zagaya mutum goma, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi. Fada ke nan. Masu bincike na danganta yaɗuwarta da shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da baki ya buɗe, aiki kuma ya ƙi samuwa. Adeline Masquelier ta yi littafi guda a kanta a 2019. Dubi sunan ma: samarin da ba su da kujera a fadar kowa suka ɗauki sunan fadar sarki suka ɗora wa bencinsu. Abin da ake zarginsu da shi kuwa, zaman banza, gulma, sukar manya, shi ne aka zargi mutanen Makka da na Landan da shi, kusan kalma da kalma.

Ina zaune a shagon nan ina wannan tunani, na duba gefe da gefe. Ba mai magana da wani. Kowa da abin kunnensa. An kawo ƙwayar daga Habasha a jirgin sama, an san sunan gundumarta, an auna ta da giram, amma surutun da ya sa sarakuna suka ji tsoronta an bar shi a waje, a bakin titi. Na so in tsaya a nan, in ce shagon kwaikwayo ne, fada ce ta gaske. Da ya fi daɗin rubutawa.

Sai dai ni ban taɓa zama a fada ba. Yayana yana da tasa a ƙofar gidanmu shekara takwas ke nan, ni ke miƙa musu gawayi da sukari ta zaure, ban taɓa sanin ɗanɗanon na farkon nan mai ɗaci ba sai abin da ya rage a buta. In na bi ta gaban wata fada a Yamai sauri nake ƙarawa. Gidajen gahawa na Istambul ma na maza ne. A Landan har takarda aka buga a 1674 da sunan mata, ana kukan gahawa ta ɗauke musu mazaje. Duk wannan tarihin na ƴancin magana da nake sha'awa, ƴancin rabin gari ne. A cikin shagon kuwa na yi awa biyu da littafina a buɗe. Ba wanda ya tambaye ni ɗiyar wa ce, ko wa nake jira, ko ina da miji. Tebur na kusa da ni wasu ƴan mata biyu ne da lulluɓinsu suna duba wani lissafi. Da na zo biya na gane ba kafe kaɗai na saya ba, har da kujerar. Kuma wadda ba ta da jika biyu ba ta da kujerar, ga ɗiyar mai tuyar ƙosai can tsallaken titi ina hangen ta ta gilashi, a tsaye take tun da na shigo.

Kafin in fita na ce wa ɗan Adar, in da hali, ya rubuta gahawa a ƙasan allon, ko da ƙananan haruffa. Ya ce sai ya tambayi patiro, amma yana jin mutane za su ɗauka wata daban ce su riƙa tambayar kuɗinta.

Da dare na kira ƙanena na ce ya kai wa Kaka waya.

"Ke kishiya, sai yau kika tuna da ni?"

Na ce mata yau na sha gahawa, ta Habasha ma kuwa. Ta yi shiru kaɗan, ta tambaya ko a gabana aka soya ta. Na ce a'a, a soye take zuwa, a gabana dai aka niƙa. Ta ce an sa citta? Na ce babu. Kanumfari fa? Babu. Sukari? Na ce sun ce yana ɓata ɗanɗano.

"To ai ruwan ɗaci suka sayar miki. In kin zo hutu ki taho da ƙwayar ɗanya, in nuna miki yadda Malam ke yi. Butar na nan." Sai ta ƙara, "Nawa suka karɓa?"

Na ce Kaka ba na jin ki sosai, rezo ba kyau.